Gonar da Ba Ta San Takin Buhu Ba

Ni ne mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koya wa 'ya'yan mutane yadda ake sauraron magana, sannan ya je gida ya kasa sauraron ubansa. Gara in faɗa da bakina, don in na bari ƙanwata ce za ta ba ku labarin, ita kuwa ba ta rage komai, ƙari ma take yi.

A wata makarantar sakandare nake koyarwa a Funtua, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar muhawara. Duk yaron da ya ratsa hannuna ya san karatuna. Ina ce musu kowace gardama tana da matsaya, wato inda mai magana yake so ya kai ka. Tana da hujjoji, su ne suke ɗauke da matsayar. Sannan akwai abin da na raɗa wa suna sallamawa: mutum ya fara amsa duk abin da ba ya bayansa, don a san ya gani, kafin ya ce duk da haka ga inda ya tsaya. Sai in rubuta magana a allo, in nuna jimla guda da alli, in ce, "Wannan wane aiki take yi?" Na yi tambayar nan har yara suka mayar da ita sunana. In na bi ta bayan aji ina jin su ƙasa-ƙasa, ni kuwa maimakon in ji haushi sai in ƙara ɗaga kafaɗa.

Abin bai tsaya a makaranta ba. Ran Lahadi fasto yana wa'azi, ni ina bayan takardar waƙa ina ware masa hujja da matsaya, har da ba shi maki. Matata ta taɓa ce mini gishiri ya ƙare kuma gobe kasuwa, na tambaye ta wacce ce matsayarta a ciki. Ranar miya lami na sha, kuma na fahimci matsayar.

Garinmu ƙauye ne a gefen Gozaki. Baba manomi ne, dattijo a majami'armu, bai yi boko ba sai ɗan karatun yaƙi da jahilci. Babbar gonarsa tana bayan gari, akwai wata tsohuwar ɗorawa a tsakiyarta. Tun ina yaro, da an gama kwashe amfani wani Bafillatani yake kawo garkensa ya zauna a gonar har bazara. Shanu su ci kara da ragowar harawa, su bar kashinsu ya zama taki, Baba ya sa a auna musu dawa, mu kuma nono ba ya yankewa a gidanmu. Baffa muke kiransa. Shi kuma Baba ba ya da wani suna a bakin Baffa sai Kaɗo, yadda Fulani suke kiran Bahaushe.

Rani guda a gindin ɗorawar nan suke yin sa. Baba da rediyonsa, Baffa da butarsa da buzu. In lokacin salla ya yi Baba ya rage muryar rediyo, in an idar su ɗora daga inda suka tsaya, a kan wa ya fi wauta, mai bin bayan saniya ko mai binne hatsinsa a ƙasa yana jiran sama. Ban taɓa jin sun gama gardamar ba. Kazar Kirsimeti ma Baffa ne yake yanka mana, don shi da iyalinsa su ci shinkafar Mama ba tare da shakka ba.

Ni na bar gida da wuri, daga makarantar kwana sai kwaleji sai aiki. In na zo hutu kwana biyu ne in juya. Shekarar da nake ba ku labari ce na zo da wuri, ana cikin ɗaurin dawa, saboda gwiwar Baba ta matsa masa, na ce bari in kama masa. Kamawar tawa dai tsayuwa ce da hannu a aljihu, amma an ga na zo.

Da rana ta take muka zauna a inuwa muna shan kunu. Baba ya miƙe ƙafa, ya dubi gefen da ya shuka wake, ya yi tsaki.

"Bafillatanin nan ya kusa ɓullowa," in ji shi. "Bara ko roron wake ba mu gama ba shanunsa suka faɗa ciki. Rabin gefen can sun cinye. Sun karya mini darnin lambu, sai da na sake sabo. Bakin rijiya sun tattake shi ya zama taɓo. Mai gonar gabas ya zo har gida yana yi mini tijara wai sun tsallaka masa iyaka. Shi kansa uban garken, goro na kaɗai yake ci, ga gardamar tsiya."

Ya kurɓi kunu yana kallon ƙasar gonar. Can sai ya ce, "Tun ba a haife ka ba gonar nan ba ta san takin buhu ba."

Ya dafa sanda ya tashi ya koma wajen masu ɗauri.

Jama'a, daɗi ya kama ni. Ga gardama sukutum ta faɗo mini a cinya, irin wadda nake wahalar ƙirƙira wa yara. Da muka koma gida na ɗauko littafina da jan biro. Wake, hujja ta ɗaya. Darni, ta biyu. Rijiya, maƙwabci, goro, na jera su reras. Da na zo kan jimlar ƙarshe na yi mata tambayar tawa, na kuma amsa wa kaina: wannan ita ce hujja mafi nauyi, kukan tsoho ne da aka bari a baya, kowa ya ci gaba da takin zamani shi yana fama da kashin shanu. Matsaya kuwa bai faɗa ba, amma ai ni nake koyar da ɓoyayyar matsaya. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe: bana shanu kada su zo, a sayo taki. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Har tausayin Baba na ji, na ce kunya ce ta hana shi faɗa wa abokinsa, Allah ya ba shi ɗa mai ilimi.

Ban tambaye shi ba. Wannan ita ce gaɓar da ƙanwata ta fi so in ta zo ba da labari. Mutumin yana ɗaki na gaba da nawa, tarinsa ma ina ji, amma na zaɓi in tambayi littafi.

Bayan kwana uku ƙanwata ta kai Baba asibiti Malumfashi a duba gwiwar, Mama ta tafi gidan suna. Ni kaɗai ne a gida, na riga na yi waya Funtua an ɗoro mini buhunan taki a mota, na jibge su a zaure ina jiran Baba ya dawo ya sa mini albarka. Da hantsi na ji sallama. Baffa ne, da malafarsa da sanda a kafaɗa. Haka yake yi kowace shekara, ya zo shi kaɗai ya tambaya ko an gama kwashe gona kafin ya taso garke.

Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar shanu. Ya ce, "Malam, ina Kaɗon nawa?"

Na ce ya je asibiti. Sannan na gyara zama, na gyara murya, irin yadda nake yi in alƙalan muhawara sun zauna. Na yabi zumunci, na yabi shekaru, na ce ba wanda zai manta alherinsa. Wato na yi masa sallamawa, ni gwanin sallamawa. Daga nan na jero masa wake da darni da rijiya da maƙwabci. Goron ne kawai na bari, ina ganin na yi dattako. Na rufe da cewa bana dai a dakata, za a gwada takin zamani.

Bai katse ni ba. Ya dubi buhunan da ke jingine a bango, ya dube ni.

"Shi ya faɗa?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, na sa ƙafa na rufe ta. A ajina, matsayar da hujjoji suka nuna daidai take da wadda aka furta. Na ce, "Ya faɗa, Baffa."

"To, madalla," in ji shi. Ya tashi, ya gyara malafa. "A gai da shi da ƙafa."

Sai bayan ya fita na lura bai taɓa ruwan ba.

Mama ce ta fara dawowa. Ta ga buhuna ta tambaya, na ba ta labari ina murmushi, har na ɗauko littafin in nuna mata. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali, ta zauna a dokin ƙofa.

"Wake da darni da rijiya?" ta ce. "Ya ambaci goro?"

Na ce ya ambata.

"Ai waƙarsa ce ta kowace kaka. Tun ina amarya nake jin ta. In ya gama ya ce gonarsa ba ta san takin buhu ba, washegari ya sa in ware dawar Fulani. Tana nan a bayan rumbu, shekaranjiya na ware. Kai ba ka taɓa zama ka ga ƙarshenta ba ne." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Shiga sharo ba shanu. Wa ya aike ka?"

Na rufe littafin, na mayar da shi ɗaki.

Da la'asar suka dawo. Baba ya shigo zaure yana ɗingishi, ya tsaya a gaban buhunan. Mama ba ta bari na yi kwana-kwana ba, ta faɗa masa a jimla biyu. Na so ya yi faɗa, wallahi na so. Bai yi ba. Ya zauna a tabarmar da Baffa ya tashi, ya daɗe yana murza gwiwa.

"Ka taɓa zuwa kara sayen sa?" ya ce da ni.

Na ce a'a.

"In ka ga mutum ya tsaya a kan sa yana cewa ƙahonsa ya karkace, bayansa ya faɗa, ga ƙuda a ido, to shi ne mai saye. Wanda ba zai saya ba wucewa yake yi, ba ya ɓata bakinsa. Na san shanu suna ɓarna, ni ba makaho ba ne. Ina lissafawa ne don kada wani ya ce ban sani ba. In na gama sai in faɗi abin da ya fi su duka."

Na ce, da 'yar muryata, na ɗauka kuka yake yi da rashin takin.

"Kuka?" Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Duk faɗin ƙasar nan nuna mini gona guda da za a faɗi haka a kanta. Alfaharina ke nan."

Wato duk abin da na jera a matsayin hujja sallamawa ce, abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya a makon farko. Jimlar da na ce kuka ce, ita kaɗai ce hujjarsa. Matsayarsa kuwa ba ɓoye ta ya yi ba, tana jingine a bayan rumbu, dami-dami, na wuce ta sau nawa ina zuwa kewaye. Babu kalma ko ɗaya da na ji ba daidai ba. Duk na ji su, har na rubuta. Aikin kowacce ne na juya.

"Gobe ka nemo shi," in ji Baba. "Ka ce ni na ce ya taso."

Neman ya ci kwana biyu. A kasuwa aka ce mini an ga garken ya yi wajen Dayi. Na hau mashin, na bi hanyar da ba ta san taya ba, na faɗi sau ɗaya a yashi, wandon cocina ya yage a gwiwa. Na same su a gonar wani Alhaji, sun kafa bukkoki, an buga turaku, maruƙa suna jere a dangwali. Baffa yana zaune a gindin wata ƙaramar kaɗanya wadda inuwarta ba ta kai ta rufe ƙafarsa ba.

Na durƙusa, na cire hula, na faɗi gaskiya tsirararta. Na ce Baba bai faɗa ba, ni na faɗa, karambanina ne, kuma Baba ya ce ya taso.

Ya sa aka kawo mini nono. Ya bari na sha sannan ya fara magana. Ya ce ya riga ya yi wa mai gonar nan alkawari, har an kawo musu hatsi. Ya ce an buga turke, shanu sun san wurin kwana, akwai masu ciki da ba a son a yi ta kora. Ya ce ruwa ma ya fi kusa a nan.

Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, yauwa, kan mage ya waye, wannan sallamawa ce, irin ta tsofaffi. Yana jera abin da zai hana ne, yanzu zai juyo ya ce duk da haka. Na gyara zama ina jira, har da ɗan murmushin wanda ya san amsar jarrabawa.

"Tun a zauren na san ba shi ya faɗa ba," in ji Baffa. "Kaɗon nan in zai kore ni da bakinsa zai kore ni, ya kuma bi ni da zagi har ruga. Ba fushi na yi ba, ɗana. Amma shi ƙafa ta fara gazawa, ni ma ido ya fara. Gonar nan gobe taka ce, garken nan gobe na 'ya'yana ne. Ka gaya mini abin da ke ranka, na ji. Gara su saba da wani wuri tun ina raye."

Na ci gaba da jira. Ya ɗauki asawakinsa ya ci gaba da goge haƙori. Wata saniya ta yi kuka. Na jira har na ji kunyar jiran, sannan na gane babu juyowar da za ta zo. Wannan karon hujjoji ne na gaske, kuma sun kai inda za su kai.

Na rantse masa ba haka raina yake ba. Ya ce Allah ya sa. Da zan tafi ya shiga bukka ya fito da ɗan kwano an ɗaure bakinsa da tsumma, man shanu ne. "Ka ce wa Kaɗon nan ya riƙa ɗumama shi yana shafa wa gwiwar. Kada ya cinye da tuwo, na san halinsa."

Duk hanyar komawa ina juya maganarsa ina neman inda ta yi rauni, ni da nake cin yara gyara a kan ƙaramar ɓaraka. Ban samu ba. Magana zarar bunu ce, na zara kuma a zauren ubana, da sunan ubana.

Baba ya saurare ni har ƙarshe, ya karɓi kwanon, ya kwance, ya shinshina. Da na faɗi saƙon tuwon ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ɗan banza." Daga baya ƙanwata ta ce ya sa an kai shi Dayi a mashin sau ɗaya, da goro a aljihu, sun wuni. Ranin nan dai a zaure ya yi shi da rediyonsa, bai je gindin ɗorawa ba. Kazar Kirsimeti wani maƙwabci aka kira ya yanka. Dawar da aka ware ta daɗe a bayan rumbu kafin Mama ta mayar da ita ciki. Kafin wata kakar ta zagayo, 'ya'yan Baffa sun yi kudu da garken, sun tafi da tsohon.

Da damina ta sauka ba a bar buhunan su lalace ba, aka zuba. Abin haushi, gona ta yi kyau. Masara ta yi goyo bibbiyu, dawa ta yi tsawon da ya fi ƙarfin tsani. Mutane suna tsayawa a hanya suna cewa ɗan boko ya gyara wa ubansa gona. Ina amsa gaisuwar ina jin kamar a tsaga ƙasa in shige.

Kakar da ta biyo na zo ɗaurin dawa, wannan karon na cire hannu daga aljihu. Da rana ta take muka zauna shan kunu, mu da maƙwabta biyu, har da mai gonar gabas. Na kasa kunne ko Baba zai yi tsaki, ko zai ambaci darni, ko rijiya, ko goro. Darni yana tsaye ƙyam. Bakin rijiya a bushe yake, tsaf. Ya miƙe ƙafa, ya daɗe yana kallon gefen waken, wanda Mama da ƙanwata suka rore har ƙwayar ƙarshe.

"Wake ya cika bana," in ji shi. "Ba abin da ya taɓa shi."

Mai gonar gabas ya ce, "Alhamdu lillahi, an huta." Ɗayan ya ce ai sai godiya.

Ni na san aikin da jimlar Baba take yi, wannan karon kuka ne. Karo na farko ke nan da na ci tambayar tawa a gaban Baba, na kuma ajiye kwanon kunun ban shanye ba.